Ga ƙanena mai son hayar mota a Abijan

Assalamu alaikum ƙanena. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai da na idar da asuba sannan na zauna in ba ka amsa a natse, don maganar ta shafi Hajiya. Ka ce za ka kai ta Abijan ganin likita, kwana goma za ku yi, kuma kana son ka ɗauki hayar mota ka riƙa tuƙa ta da kanka, tunda shekararka takwas kana tuƙi tsakanin Tawa da Yamai ba ka taɓa ko ƙwarzane ba. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Ni shekara goma sha ɗaya na yi a garin nan ina ci-rani, farko a Ajame, daga baya Tireshbil, kamar dubban 'yan Adar da suka riga ni. Bayan na dawo gida na koma sau uku, sau biyu a ciki na ɗauki hayar mota. Shawarata ita ce ka ɗauki motar, amma ka ɗauke ta da direbanta, musamman ranakun da kuke da alkawari da likita. Ba ƙwarewarka nake shakka ba. Wanda ya saba da hanyar Tawa zuwa Konni, ga ramuka, ga amalanke, ga jakai da 'yan kabu-kabu, hannunsa ya faɗa. Abin da Abijan take nema wurin direba daban ne: sanin gada da sanin lokaci.

Garin a kan ruwa yake. Wani babban tabki da suke kira lagin Eburiye ya ratsa shi ya yanyanka shi gunduwa-gunduwa, teku kuma na can kudu. Filin jirgin sama yana Forbuwe, a kudancin. In kun fito za ku hau babban titin da kowa ke kira VGE, ya bi da ku ta Kumasi da Markori da Tireshbil, waɗanda duk a tsibiri ɗaya suke. Filato, inda ofisoshi da bankuna suke, da Kokodi da Ajame da Abobo da Yofugon, duk suna ƙetaren ruwa. Ƙidayar 2021 ta ce mutanen garin sun haura miliyan biyar da rabi, kuma rabin garin kowace safiya yana neman ƙetarawa wurin ɗaya rabin. Ka tuna yadda gadar Kennedy take a Yamai da ƙarfe bakwai da rabi in 'yan makaranta da ma'aikata za su Harobanda, to ka ninka abin har sai ka gaji da ninkawa.

Manyan gadoji biyar ne. Tsofaffin biyu, ta Hufuwet ta 1957 da ta Digol ta 1967, suna haɗa Tireshbil da Filato. Ta uku, ta Bediye, an buɗe ta a Disamban 2014, tana tashi daga Markori ta sauka Ribiyera a cikin Kokodi, kuma ana biyan kuɗin hawa, dala ɗari ga ƙaramar mota. Ta Alasan Watara da ke haɗa Kokodi da Filato an buɗe ta a Agustan 2023. Wadda ta ƙetara zuwa Yofugon kuwa an fara hawanta a Janairun 2024, dab da gasar cin kofin Afirka. Sababbin nan sun rage wahala, ban ƙi ba, na gani da idona. Amma sun zo da tituna masu hawa kan juna, inda dole ka san layin da za ka kama tun kana nesa. In ka kuskure, babu inda za ka juya. A Tawa in ka wuce kwana sai ka sauka gefen gudro ka juyo. A can sai titi ya ɗauke ka ya ƙetarar da kai ruwa, ka dawo bayan awa guda.

Abin da ya same ni ke nan a watan Yunin 2019, kuma shi ya sa na ɗauki maganarka da nauyi. Yayana na kai, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ciwon ƙoda ke damunsa. Mun sauka gidan wani ɗan garinmu a Kumasi, likita ya ba mu ƙarfe takwas da rabi a wani asibiti a Kokodi. Na ce ai garina ne, na san shi. Ban lissafa cewa a ƙafa da motar haya na san shi ba, kuma na bar shi tun ba a gina gadar Bediye ba. Mun fito shida da rabi ana yayyafi. Da muka kusa mahaɗar da ake hawa gadar, wata bas ɗin SOTRA, kamfanin bas na cikin gari, ta tare mini allon, motocin haya sun cika hannun da ya kamata in kama, ban samu shiga ba. Titi ya miƙe da mu Tireshbil, muka hau gadar Digol, muka faɗa cunkoson Filato. Kafin nan ruwa ya kece. Wajen mahaɗar Indeniye, wadda a shekarun nan ta yi suna wurin ambaliya, ruwa ya kai rabin taya, motoci sun tsaya cak. Yaya yana bayan mota yana nishi a hankali, ba ya son in ji. Sai bayan ƙarfe goma muka isa. Likita ya shiga tiyata, aka ɗaga mana kwana biyar. Kwana biyar na ciwo, da kuɗin abinci, da canjin tikitin jirgi. Har ya rasu bai taɓa tada mini maganar ba, Allah ya jiƙansa, amma ni ban manta ba. Direban da ya san gari da ya kama layin nan tun daga nesa, da kuma ya ce mana mu fito biyar da rabi saboda ruwa.

Akwai kuma abin da mutum ba ya tunawa sai ya je. In kun isa asibiti, wa zai kama hannun Hajiya ya shiga da ita yayin da kake zagaye neman wurin ajiye mota? A Filato da wasu sassan Kokodi wurin ajiye mota ya fi komai wuya, in ka ajiye inda bai dace ba a ɗaure tayar ko a ja motar. In da direba, a bakin ƙofa zai sauke ku, kai ka ji da mahaifiyarka, shi ya ji da mota.

Bambancin kuɗin ma bai kai yadda ake zato ba. Masu ba da haya da yawa a can sun fi son su ba ka da direbansu, don hankalinsu ya fi kwanciya. In kai za ka tuƙa, sai sun karɓi kuɗin ajiya mai kauri, manyan kamfanoni kuma katin banki suke so su riƙe kuɗin a ciki. A zuwana na 2024 na biya jika 30 a yini kan ƙaramar mota mai kilim, ban da mai, na ƙara wa direba ɗan abin da zai ci abinci. Ku yi magana tun farko kan awa nawa ne yinin, ƙarfe nawa yake tashi, nawa ne in an wuce lokaci, kuma farashin fita wajen Abijan daban ne da na cikin gari. Mai ma ka sa shi a lissafi da kyau, mu nan mun saba da na Soraz, na can ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma cunkoso da kilim suna shan sa kamar ruwa.

To in ka ce duk da haka sai ka tuƙa, ko da na kwana biyu ne, ga abin da zan roƙe ka. Tun kana gida ka aika musu hoton permi ɗinka ta WhatsApp, su rubuto maka cewa sun yarda da shi, don wasu sai sun ga na ƙasa da ƙasa. Ranar karɓar mota kada kunya ta hana ka bincike. Ka ɗauki wayarka ka zagaye motar da bidiyo a gaban ma'aikacinsu, gaba da baya, ƙarƙashin bamba, gilasai, tayoyi, kujeru, allurar mai da lambar kilomita. Ni ban yi haka ba a 2019. Da na mayar da mota suka nuna mini wani ƙwarzane a ƙasan bamba na baya, wanda na tabbata ba ni na yi ba, amma ba ni da shaida, suka zaftare kusan rabin ajiyata. Ka duba takardu da idonka, kartagiris da asiransi da takardar bizit, ka ga kwanan watansu bai wuce ba. Ka buɗe but ka ga safaya da jak da alamar tsayawa mai kusurwa uku da abin kashe gobara. Sai babbar tambaya: in an yi hatsari, nawa ne kasona kafin asiransi ya biya sauran? A rubuta maka adadin a takarda. Ka tambaya ma ko asiransin ya shafi injin da ya sha ruwa, don sau da yawa bai shafa ba. In ka ga ruwa ya rufe titi, kada ka bi motar gabanka, ka tsaya.

In tsautsayi ya sa an goge ka, kada ka matsar da motar kuma kada ka yarda da sulhun bakin titi. Ka kira mai motar, ka jira 'yan sanda su zo su yi konsta, wato takardar shaidar yadda hatsarin ya faru, in babu ita da wuya asiransi ya saurare ka.

Tun 2021 sun sa kyamarori a manyan tituna, masu kama gudu da wuce jar wuta. Ba wanda zai tsayar da kai, tarar tana zuwa wayar mai motar ne, shi kuma ya cire a kuɗinka. Bel dole ne, waya a kunne kuma laifi ce. 'Yan ƙasar ma tun Maris na 2023 permi ɗinsu mai maki 12 ne, ana ragewa da kowane laifi.

Masu motar haya su ne za ka fi sa wa ido. Akwai gbaka, ƙananan bas masu zirga-zirga tsakanin Ajame da Abobo da Yofugon, yaron mota na lilo a ƙofa yana kiran fasinja. Duk inda suka hango mutum nan ne tasharsu, ko a tsakiyar titi ne. Akwai woro-woro, taksin haɗaka, kowace unguwa da launinta, na Kokodi rawaya, na Yofugon shuɗi. Akwai jajayen taksi masu mita da ke zuwa ko'ina. Ka ba su tazara, kada ka yi gardamar hanya da su, su neman abinci suke yi kuma sun fi ka sanin faɗin motarsu. Ajame kuwa kada ka shiga da motar da ka ɗauka haya ko kusa, musamman wajen babbar kasuwa da tashoshi. In Hajiya za ta sayi atamfa, a sauke ku a baki ku taka. In wayarka ce ke nuna maka hanya, ka kafe ta a gaban mota, kada ka riƙe a hannu gilashi a buɗe cikin cunkoso. Taswirar waya tana taimako, amma ayyukan titin jirgin ƙasa na cikin gari da sauran gine-gine suna sa a rufe hanya yau a buɗe gobe.

Ka ma lissafa ko kana bukatar mota duk kwana goman. Ranakun da Hajiya ke hutawa a masauki, kuɗin haya zai yi ta tafiya mota na tsaye. Manhajar Yango tana aiki a garin, ka kira mota ta zo ƙofar gida, ka ga farashi tun ba ka shiga ba. Kai kaɗai kuma in za ka ƙetara daga Tireshbil zuwa Filato ko Yofugon, akwai jiragen ruwa na fasinja, ba ruwansu da cunkoso, ni su na fi so tun ina saurayi.

Ranar da zan ce ka karɓi tuƙi da kanka ita ce Lahadi da safe. Garin yana yin sarari, sai ka ga kyansa. In likita ya yarda kuma jikin Hajiya ya yi ƙwari, ka kai ta Basam, kilomita 40 ne gabas da gari, titi mai kyau, akwai wurin biyan kuɗin hanya. Nan ne Faransawa suka fara mayarwa babban birnin ƙasar a 1893, tsofaffin gine-ginensu na nan, UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2012. Tsohuwar da ta yi rayuwarta a Adar, ganin teku ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Yayana da ya gan shi ya daɗe yana tasbihi. Amma ku tsaya a kan yashi, igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi, tana jan mutum, ko yara kada ka bari su shiga. Ku kamo hanyar dawowa kafin la'asar, don da yamma duk masu yawon bakin teku tare suke komowa. A hanya ka tsaya ka saya mata garba, aceke da soyayyen kifi, ka gaya mata ana cewa daga sunan mutanenmu abincin ya samo sunansa, don su aka sani da sayar da shi a garin.

Kada ka manta agogonsu yana bayan namu da awa guda, ka gyara naka tun a jirgi, kuma ku riƙe katin rigakafin shawara, ana duba shi a filin jirgi. Masauki kuma ka nema a ɓangaren ruwan da asibitin yake, ko da ya ɗan fi tsada, yadda ba sai kun hau gada da safe ba. Ka faɗa mini unguwar da asibitin yake da watan da za ku tafi, in gaya maka inda ya kamata ku sauka da lokacin fitowa. Ka gaishe mini da Hajiya da jiki.