Dokin mai baki ya fi gudu

Wani mai bibiyar wannan fili daga Haɗeja ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, ina so in sayi doki don hawan Sallah. Ranar Alhamis na je kasuwar Maigatari, dillali ya nuna mini wani, ya ce ingarma ne, akawal, ɗan shekara biyar, kuma ba ya tutsu. Da na dawo na ba kawuna labari sai ya yi dariya ya ce, 'Dokin mai baki ya fi gudu.' Me wannan magana take nufi, kuma mene ne ma'anar kalmomin da dillalin ya jero mini?"

To, ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa kawu lafiya, don ya gama ba ka amsa, ni dai bayani zan ƙara.

Mu fara da ɗan harafin nan "n" da ke maƙale a wutsiyar "doki". Na sha jin yara suna cewa "doki mai baki ya fi gudu", wanda kuskure ne da yake juya maganar gaba ɗaya. In ka ce "doki mai baki", dokin ne ke da bakin. In ka ce "dokin mai baki", dokin mallakar wani mutum ne mai iya zance. Ma'anar ita ce, wanda ya iya tsara magana abinsa yakan fi na kowa a kunnen jama'a, ko da a fage ba haka abin yake ba. Ana faɗarta ga ɗan siyasa, ga mai neman aure, ga mai shigar da ƙara gaban alƙali. Kai kuwa ka gamu da ita a wurin cinikin doki.

Kalmomin ba su da wuya. Ingarma shi ne ƙaton doki namiji, ƙosasshe, kishiyarsa ƙuru, ɗan gajere. Macen ita ce goɗiya, ɗansu duƙushi. Akawal launi ne, baƙin doki ke nan, kamar yadda ake ce wa fari kili. Waɗannan duk idonka zai gaya maka, dillali ba shi da abin ɓoyewa a ciki. Inda gizo ke saƙar shi ne "ɗan shekara biyar" da "ba ya tutsu".

A nan sai ka bar bakin dillali ka koma bakin dokin. Ka tsaya ta gefensa, kada ka tsaya a gabansa, ka ɗaga leɓensa a hankali. Akwai wani gurbi da babu haƙori tsakanin haƙoran gaba da turame, nan ne linzami yake zama, in ka sa babban yatsa a wurin zai buɗe baki da kansa. Haƙoran gaba shida ne a sama, shida a ƙasa. Na yarinta ƙanana ne farare fat, na girma sun fi faɗi kuma da ɗan ruwan ɗorawa. Doki yana famfarar biyun tsakiya wajen shekara 2 da rabi, na kusa da su wajen 3 da rabi, na gefe wajen 4 da rabi. Saboda haka ɗan shekara 5 na gaskiya ya gama canji, kuma namiji fiƙarsa ta fito. In ka ga saura haƙorin yarinta, an ƙara masa shekaru, bai gama ƙwari ba.

Amma an fi rage wa doki shekaru fiye da ƙara masa. Duba kan haƙoran ƙasa, akwai wani baƙin rami a tsakiyar kowanne. Tauna tana cinye shi: na tsakiya yakan shafe wajen shekara 6, na kusa da su 7, na gefe 8. In duk sun shafe, haƙoran sun yi tsawo sun turo gaba, to tsoho ake so a sayar maka. Akwai kuma wani tsagi da ke ɓullowa daga dasashi a haƙorin gefe na sama wajen shekara 10, ya kai rabin haƙorin wajen 15. Tun da bakin a buɗe yake, ka dubi dasashin. In ya yi fari ko ya yi rawaya, jini bai isa ba ko akwai ciwo, sau da yawa irin wanda kaska take kawowa.

Tutsu kuwa shi ne doki ya ƙi bin umarni, ya yi tsalle ko ya toge don ya kayar da mahayi. Daga nan muka aro ta ga mutane, har ake cewa wane ya yi wa jam'iyyarsa tutsu. Ba a ganin tutsu a turke. Sai an ɗaura sirdi an ja majayi, an hau an zagaya ta inda akwai hayaniya. Dokin da za a shiga hawa da shi cikin kalangu da algaita da ƙarar bindiga, in babur ya firgita shi a bakin kasuwa ka san abin da ke jiranka. Ka bari mai shi ya fara hawa. In ya fara kawo uzuri, ka ji amsarka.

Akwai abin da dillalin bai ambata ba, ni kuma shi na fi damuwa da shi: ƙafa. Kada ka yarda a gwada maka shi a kan rairayi, don yashi yana rufa wa ɗingishi asiri. A ja shi da ragama a tsandauri, ya tafi ya dawo da sassarfa. Dokin da ƙafar gaba ke masa ciwo yakan ɗaga kai daidai lokacin da ta taɓa ƙasa. Ka shafa ƙafafun huɗu daga gwiwa zuwa ƙasa ka ji ko akwai kumburi ko zafi, ka ɗaga kofato ka duba tsagewa da wari. Sannan in ka tarar da shi da sirdi ko mayafi a baya, ka ce a sauke. Miki a gadon baya ba ya warkewa da wuri, kuma farin gashi tsilli-tsilli a bayan akawal alama ce ta tsohon mikin sirdi.

Da yake fagenmu na kalmomi ne, ka lura cewa sirdi da linzami da likafa duk daga Larabci muka samo su: "sarj", "lijam" da "rikab". Sarautar Madawaki kuwa, wadda ake taƙaitawa Madaki, daga dawaki ta samo suna.

In ka koma Maigatari ka tafi da kawu, kuma in kuɗin da yawa ka nemi likitan dabbobi ya saurari numfashinsa bayan an yi sukuwa da shi, kafin a yi sallama a biya la'ada.