Me ya sa turaren wutata ke ƙauri, kuma ba na jin ƙamshinsa?

'Yar'uwa daga Ƙofar Ƙaura, kin ce turarenki yana ƙauri, sannan maƙwabta suna yaba ƙamshin amma ke ba kya ji.

Ƙaurin daga wutar yake. Ƙamshin sandal da kajiji da jawul yana cikin wani mai ne da zafi ke tayarwa ya zama tiriri. Garwashi in ya yi jajir, man ƙonewa yake yi tun bai tashi ba, sukarin da aka haɗa turaren da shi ma ya babbake. Ki bari toka ta lulluɓe garwashin a kasko kafin ki zuba, kaɗan-kaɗan.

Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, shi ya sa take ɗaukar ƙamshin sama, ya bi taga ya tsallaka katanga. Labule da katifa suna shan wani, su riƙa sakinsa a hankali. Hancinki kuwa sabawa ya yi, bayan 'yan mintuna ya daina kai wa ƙwaƙwalwa labari.

Don Allah, ko sanyin hunturun Katsina ya matsa, kada ki rufe ɗaki da gawayi a ciki. Yana fitar da iskar guba marar wari, tana kisa. Mai asma da jariri a fitar da su har hayaƙin ya lafa.