Nauyin ƙirji a daren cika-ciki: Mu ɓoye wa Baba abin da likita ya gano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A gidanmu ba a wasa da daren cika-ciki, domin tun Babbar Sallah ake adana busasshen naman layya saboda shi. Bana mahaifinmu, mai shekara 63, ya ci tuwo da nama ya ƙoshi, jim kaɗan sai ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun masara, gumi ya karyo masa, ciwon kuma ya gangara hannunsa na hagu. Muka jiƙa masa kanwa da zaton ƙwannafi ne. Washegari a wani asibiti likita ya ja yayanmu gefe ya ce zuciya ce, shi kuwa Baba aka ce masa gajiya ce da ɗan hawan jini. Yaya ya hana mu faɗa masa don kada hankalinsa ya tashi. Shin hakan daidai ne? Daga wata mai karatu, Kwarbai, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Ita dai al'adar cika-ciki, wadda ake yi a cikin watan Muharram, inda ake cewa kowa ya ci ya ƙoshi, taubasai kuma su bi juna kuɗin shara, ba ita ta jawo wa mahaifinku ciwo ba, tona shi kawai ta yi. Idan mutum ya cika cikinsa, jini mai yawa yakan karkata zuwa ciki da hanji domin narkar da abinci, zuciya kuma ta ƙara saurin bugawa. Mai lafiya ba ya ma lura da wannan, amma wanda jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini suka ƙuntata, a nan ne ciwo yake bayyana, kamar yadda yake bayyana a hawan matakala ko doguwar tafiya cikin rana a bayan dawaki ranar Hawan Daushe.

Abin da kika lissafa sanannun alamomi ne na ciwon zuciya: nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji wanda ya ɗauki mintuna bai sauka ba, yana yaɗuwa zuwa hannu, wuya, muƙamuƙi ko baya, tare da gumi mai sanyi, tashin zuciya ko sarƙewar numfashi. Tsofaffi da mata da masu ciwon suga wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai kasala mai tsanani da haki. Akwai kuma alamomin da ke zuwa a hankali, wato kumburin ƙafafu, da kasa kwanciya sai an tara matasai, da farkawa cikin dare ana neman iska. Idan nauyin ƙirjin ya dawo, kada a jira gari ya waye, a ɗauke shi nan take zuwa babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma kada ya tuƙa kansa. A daina ba shi kanwa, domin tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa. A Zariyar nan likitoci suka yi bincike a shekarun 1970 kan gazawar zuciya ga masu jego, kunun kanwa kuwa na cikin abubuwan da suka zarga.

Game da ɓoyewar, ban goyi bayan yayanku ba, ko da yake na san tausayi ne ya sa shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da yake ciki, sai fa idan akwai ƙwaƙƙwarar hujjar cewa sanarwar za ta cutar da shi, kuma fargabar iyali kaɗai ba ta kai wannan matsayi ba. Hasali ma Baba ne ya kamata a fara faɗa wa, shi kuma ya zaɓi wanda zai ji a cikin 'ya'yansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da aka ce masa gajiya ce zai ajiye magani da zarar ya ji sauƙi, zai sayi maganin ciwon jiki irin su diclofenac a kemis alhali suna iya tsananta ciwon zuciya, kuma idan nauyin ya dawo da tsakar dare zai yi shiru don kada ya tashe ku, shi da ya fi kowa jin abin da ke ƙirjinsa.

Shawarata ita ce ku koma wurin likitan tare da Baba, ki sanar da likitan tun kafin ku shiga cewa iyali suna so a yi wa Baba bayani da Hausa, a natse, gwargwadon abin da yake son ji. Ku tambayi sunan ciwon, da abin da gwajin bugun zuciya ya nuna, da amfanin kowane magani, da abin da za ku yi a gida idan ciwon ya taso. Ku nemi a tura shi wurin ƙwararren likitan zuciya, ku kuma riƙe kwafin sakamakon gwaje-gwajen ku tafi da shi.