Bizar zaman masu ritaya a Malesiya da Tailan: nawa ake ajiyewa, kuma me zai faru idan doka ta canza?

Tambaya: Shekaruna 58, kuma na kusa ajiye aiki a Najeriya. Ina da fansho a naira, da kuɗin sallama, da gida guda da zan iya sayarwa. Ina so ni da uwargida mu koma Malesiya ko Tailan da zama. Nawa ake buƙata, kuma idan mun shiga bisa sharuɗɗan yau, za a iya canza mana su daga baya?

Amsa: Malam, zan fara da rabin tambayarka na biyu, domin shi ne ya fi nauyi. E, ana iya canza sharuɗɗan bayan ka shiga, kuma ƙasashen nan biyu sun riga sun yi haka cikin 'yan shekarun nan. Bizar masu ritaya izinin zama ce mai wa'adi wadda ake sabuntawa, ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, kuma a mafi yawan nau'o'inta ba ta ba shi damar yin aiki. Duk ranar da ka je sabuntawa, dokar da ke aiki a ranar ita za a auna ka da ita, sai dai idan gwamnati ta fito fili ta keɓe waɗanda suka riga suka shiga.

Malesiya ita ce misalin da ya fi dacewa ka yi nazari a kai. Shirinta na ba baƙi izinin zama mai tsawo, wanda ake kira MM2H (Malaysia My Second Home), ya fara ne a 2002, kuma shekaru da yawa sharuɗɗansa suna da sauƙi: wanda ya kai shekara 50 yana ajiye ringit (kuɗin Malesiya) 150,000 a banki na ƙayyadadden wa'adi, ya kuma nuna yana samun ringit 10,000 a wata daga wajen ƙasar. An dakatar da shirin a 2020, sannan a watan Agustan 2021 gwamnati ta sanar da sababbin sharuɗɗa. Kuɗin shiga na wata ya koma ringit 40,000, ajiyar banki ta koma ringit miliyan 1, sannan aka wajabta zama na kwana 90 a cikin ƙasar kowace shekara. Abin da ya tayar da hankali shi ne, da farko an ce har waɗanda suka daɗe a cikin shirin za su bi sabon tsarin idan sun zo sabuntawa, alhali da yawansu sun sayar da gidajensu na asali sun tare gaba ɗaya. Sai da aka yi ta ƙorafi, har Sarkin Johor, ɗaya daga jihohin Malesiya, ya soki matakin a bainar jama'a, kafin gwamnati ta sassauta, ta ɗauke wa tsofaffin mahalarta yawancin sharuɗɗan kuɗin, amma ta bar musu ƙarin kuɗin biza da sharaɗin zaman kwana 90. A ganina darasin a nan shi ne, matsin lamba ne ya cece su, babu wata yarjejeniya da ta ɗaure hannun gwamnati tun farko.

A 2024 aka sake fasalin shirin zuwa matakai uku, kuma aka koma lissafi da dalar Amurka. Matakin ƙasa yana buƙatar ajiyar dala 150,000 da sayen gida na aƙalla ringit 600,000, izininsa na shekara 5 ne. Na tsakiya dala 500,000 ne da gidan ringit miliyan 1, na shekara 15, na sama kuwa dala miliyan 1 da gidan ringit miliyan 2, na shekara 20. Sayen gidan wajibi ne, kuma ba a yarda a sayar da shi ba sai bayan shekara 10, in ba za a musanya shi da wanda ya fi shi tsada ba. Wannan sharaɗi ya fi adadin ajiyar haɗari ga mutum irinka, saboda kuɗin banki ana iya karɓarsu idan mutum ya fita daga shirin, gida kuwa sai an sami mai saye. Jihar Sarawak tana da nata shirin daban da nata sharuɗɗan, don haka kada dillali ya cakuɗa maka su.

Tailan ta fi sauƙin shiga ta fuskar kuɗi, amma ta fi yawan zirga-zirga a ofis. Wanda ya kai shekara 50 yana iya samun izinin zama na shekara ɗaya idan yana da baht (kuɗin Tailan) 800,000 a bankin ƙasar, ko kuɗin shiga na baht 65,000 a wata, ko haɗin biyun da ya kai 800,000 a shekara. Adadin ya daɗe bai motsa ba, sai dai yadda ake tabbatar da shi ne ya tsananta. Daga watan Maris na 2019, dole kuɗin su zauna a asusu wata biyu kafin neman izini da wata uku bayan an ba da shi, sannan kada su sauka ƙasa da baht 400,000 a sauran shekarar. An yi hakan ne don toshe dabarar masu aron kuɗi na kwana biyu su nuna wa hukumar shige da fice sannan su mayar. Tun daga farkon shekarar kuma ofisoshin jakadancin Birtaniya da Amurka da Ostareliya suka daina ba 'yan ƙasashensu takardar shaidar kuɗin shiga, abin da ya sa da yawansu suka koma nuna shigar kuɗi daga waje wata bayan wata a bankin Tailan. A ƙarshen Oktoban 2019 aka wajabta inshorar lafiya ga masu bizar O-A, wadda ake karɓa daga ƙasar mutum kafin ya taso, kuma inshora ga wanda ya doshi 60 tana ƙara tsada duk shekara. Idan uwargida za ta nemi nata izinin da kanta a matsayin mai ritaya, ita ma sai ta kai shekara 50 ta kuma cika sharaɗin kuɗin.

Yanzu sai batun da ya shafe ka kai tsaye, wanda Baturen da ke karɓar fansho a fam ko dala ba ya fama da shi kamarka. Duk waɗannan sharuɗɗa da kuɗin waje aka rubuta su, fanshonka kuwa a naira yake. Kafin watan Yunin 2023 ana canza dala a hukumance a kan naira 460 ko kusa da haka, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,400. Baht 65,000 a wata yana kai wa wajen dala 2,000, don haka mutumin da fanshonsa ya cika sharaɗin a 2022 zai iya wayar gari ya kasa cika rabinsa ba tare da Tailan ta taɓa ko harafi ɗaya na dokarta ba. Saboda haka ban ba ka shawarar dogara da hanyar kuɗin shiga na wata ba. Idan za ka yi, ka bi hanyar ajiya, ka kuma tanadi abin da ya zarce adadin da aka ƙayyade, ban da kuɗin haya da abinci da magani, tunda ba za ka iya taɓa ajiyar yadda ka ga dama ba.

Game da gidanka, ra'ayina shi ne kada ka sayar da shi a shekarar farko. Ka je da izinin shekara ɗaya, ka kama haya, ka ga sabuntawa guda da idonka tukuna. Wannan ya fi yiwuwa a Tailan fiye da Malesiya, inda tsarin 2024 yake tilasta maka zuba dukiya tun daga farko.

Akwai kuma ƙananan ƙa'idoji a Tailan da suke kayar da mutane fiye da manyan. Dole ka sanar da hukumar shige da fice adireshinka duk bayan kwana 90, kuma idan za ka fita ƙasar, ko zuwa Umara ko zuwa gida biki, sai ka karɓi takardar izinin dawowa kafin ka tashi, in ba haka ba izinin zaman da aka sabunta maka ya mutu. Sannan tun 1 ga Janairun 2024, wanda ya zauna kwana 180 ko fiye a shekara ana iya neman haraji a kan kuɗin da ya samu a waje ya shigo da su, ko da ba a shekarar da ya same su ya shigo da su ba. Kafin ka tura ko sisi, ka karɓi sharuɗɗan da ke aiki a rubuce daga ofishin jakadancin ƙasar a Abuja, ka kuma tambaye su takamaimai irin takardun da suke nema daga mai fasfon Najeriya.