Ɗana yana haye ni a sallah, wani lokaci da najasa a famfas: in rama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan wata 14, bai daɗe da fara tafiya ba. Da zarar na tayar da kabbara sai ya zo ya riƙe min hijabi yana kuka, in na yi sujada ya haye bayana. Wani lokaci nakan ɗauke shi in ci gaba da sallah, in zan yi ruku'u in sauke shi. Sau biyu bayan na sallame na tarar ya ɓata famfas ɗinsa. Wata 'yar'uwa da ta fi ni karatu ta ce ɗaukar yaro a farilla bai halatta ba, a nafila kaɗai Annabi (SAW) ya yi, kuma sai na rama sallolin. Tun daga nan nake jira sai ya yi barci, shi ya sa La'asar take kai ni dab da Magariba. Jiya har na make shi bayan sallama, abin ya tsaya min a rai. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya miki shi, ya sa ki gan shi a sahun masu sallah.

Malama, kalma uku a cikin tambayarki su suka yanke hukuncin najasar: "bayan na sallame". Lokacin da kike sallar ba ki san da ita ba, don haka sallolin nan biyu sun inganta. Manzon Allah (SAW) ya taɓa cire takalmansa a tsakiyar sallah da Jibrilu ya sanar da shi akwai ƙazanta a jikinsu, ya ci gaba daga inda yake, bai koma farko ba, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'id. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi sallah da najasa bisa rashin sani ko mantuwa ana so ya sake idan lokacin sallar bai fita ba. In ya fita, shi ke nan. Naki lokacin ya wuce tuni, babu ramuwa a kanki.

Hukuncin yana juyawa ne idan kin sani. Kika ji wari tabbatacce, ko kika gani da idonki kafin kabbara, to kada ki ɗauke shi sai kin canza masa, domin abin da ya fito ya zauna a famfas ba kamar wanda yake cikin ciki ba ne. Kin ɗauki yaro, kin ɗauki najasar tare da shi. Idan a tsakiyar sallah kika tabbatar, ki sauke shi nan take ki ci gaba. Amma zato kawai ba ya ɗora miki komai. Ba a ce ki riƙa leƙa famfas kafin kowace raka'a ba. Jikin yaro da tufarsa a kan tsarki suke har sai an tabbatar da akasin haka. Fitsarinsa kuwa, tunda ya kai wata 14 yana cin abinci, wanke shi ake yi, babu saɓani a nan. Kuma malaman Malikiyya sun yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da yake samun tufarta daga jariri matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, suka so ta ware tufa guda ta sallah. Ki ware hijabi ɗaya da zani ɗaya, zai rage miki waswasi ƙwarai.

Yanzu maganar 'yar'uwar nan. Ba ƙirƙira ta yi ba, kada ki riƙe ta a zuciya. An ruwaito daga Imam Malik, ta hanyar ɗalibinsa Ibnul Ƙasim, cewa ɗaukar da Annabi (SAW) ya yi wa jikarsa Umama, 'yar Nana Zainab da Abul As ɗan Rabi'u, a nafila ne. Sai dai wannan fassara ba ta iya tsayawa a gaban lafazin hadisin. A ruwayar Muslim, Abu Ƙatada ya ce ya ga Annabi (SAW) yana limanci ga mutane, Umama tana kan kafaɗarsa. A ruwayar Abu Dawud kuma ya fayyace cewa suna jiran sa ne don sallar Azahar ko La'asar, Bilal ya riga ya kira shi, sai ya fito da yarinyar a wuyansa, ya tsaya a wurin sallarsa, suka tsaya a bayansa. Wace nafila ce Bilal yake kiran liman dominta da rana, sahabbai suna zaune suna jira?

Wasu suka ce an shafe hukuncin ne, da hadisin da ya nuna cewa a cikin sallah akwai abin da ya ishi mutum shagala. Ibnu Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan hijira, ya kawo amsar wannan a sharhinsa na Bukhari: ba a tabbatar da shafewa da "wataƙila", sannan labarin Umama ya faru ne a bayan wancan hadisin, to ta yaya na farko zai shafe na baya? Wasu suka ce ai yarinyar ce take maƙale masa don sabo, ba shi yake ɗaukar ta ba. Lafazin ya rufe wannan ƙofar ma: in zai yi ruku'u ya sauke ta, in ya ɗago daga sujada ya mayar da ita. Wanda ya sauke kuma ya mayar, shi ya yi aikin. Wasu kuma suka ce Annabi (SAW) kaɗai aka keɓe da haka, ko kuwa larura ce don babu mai riƙe ta. Keɓancewa sai da dalili, babu shi. Larura kuwa, mutumin da gidajen matansa suke manne da masallaci ba zai rasa hannun da zai miƙa wa yarinya ba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676, ya jero waɗannan maganganu a sharhin Muslim ya ce dukkansu da'awa ce marar dalili, Annabi (SAW) ya yi hakan ne don ya nuna halacci. Ni ma a nan na tsaya. Kuma ko da za a bi ruwayar larura, wadda ita ma daga Malik aka ɗauko ta, ke kina cikinta: uwa ita kaɗai a ɗaki, yaro yana tsala ihu. Ta kowace hanya aka bi, sallarki tana nan.

Abin kiyayewa kaɗan ne. Motsin ya zama gwargwadon buƙata, ɗauka da saukewa, ba jijjiga da rarrashi tun daga Fatiha har tahiya ba, kuma kada ƙirjinki ya juya daga alƙibla. Hawan bayanki a sujada ba ya ɓata komai, haka giftawarsa ta gabanki. An taɓa jin Annabi (SAW) ya tsawaita sujada har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, ashe ɗaya daga cikin jikokinsa, Hasan ko Husaini, ya hau bayansa, bai so ya gaggauta shi ba. In kuwa kika hango yaron ya nufi wuta, ko ruwa, ko bakin matakala, ki yanke sallar ki kama shi. Wannan wajibi ne.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne wanda ba ki tambaya ba. Kin gudu daga abin da ya halatta kin faɗa cikin jinkirta La'asar har rana ta yi ja, alhali ita ce sallar da aka fi tsananta gargaɗi a kan wasa da lokacinta. Na san tsoron Allah ne ya kai ki, ba sakaci ba, shi ya sa nake gaya miki kai tsaye: daga yau ki daina. Barcin yaro ba shi da agogo, ba a ɗaura lokacin sallah a kansa. In lokaci ya shiga, ki canza masa famfas, ki ba shi nono ko abin da zai ci, ki ajiye masa abin wasansa a gefen sallaya inda zai riƙa ganin fuskarki, ki tayar. In ya yi kuka ki karanta gajerun surori. Annabi (SAW) da kansa yakan shiga sallah da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita don tausayin uwarsa. Ke ce uwar da aka taƙaita wa jam'i guda dominta, to don me za ki ƙuntata wa kanki a ɗakinki?

Dukan da kika yi masa, ki nemi gafarar Allah, ki rungume shi, kada ki sake. Ɗan wata 14 bai san sallah ba. Abin da ya sani shi ne uwarsa ta tsaya cak, ta daina kallon sa, ta daina amsa masa, sai tsoro ya kama shi. Ina jiye miki kada ya taso yana haɗa shimfiɗa sallaya da zafin mari. Nan da 'yan watanni za ki ga yana kifa goshi a ƙasa kusa da ke yana ɗaga ƙafa sama, ki bar shi, ki ma shimfiɗa masa ɗan ƙyalle nasa.

Ba ki ambaci mahaifinsa ba. In yana gida a wasu lokutan, ki nuna masa wannan amsa: riƙe ɗansa na minti 5 don matarsa ta yi farilla cikin natsuwa yana cikin tsayuwa da iyali da Allah ya ɗora masa, kuma wanda ya ɗauki Umama a gaban sahu namiji ne. Ita kuma 'yar'uwar, ki kai mata ruwayar Muslim da ta Abu Dawud cikin ladabi, domin wataƙila akwai wasu iyaye mata da ta faɗa wa irin abin da ta faɗa miki.

Wallahu a'alam.