Wace roba ce ke jure zafi da mai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Sabon Garin Zariya. Sil ɗin (robar da ke hana mai yoyo) da nake sawa a bayan inji yakan taurare ya fara yoyo bayan 'yan watanni, robar famfon birki kuma sai ta kumbura. Mai sayar da kayan gyara ya ce in koma wata irin roba mai suna Viton a ko'ina. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A inji maganarsa daidai ce, amma in ka bi ta a birki za ka yi asara.

Fara duba tsohuwar robar da ka cire. Idan ta yi tauri, ta baje, tana tsagewa in ka lanƙwasa ta, zafi ne ya cinye ta. Idan kuwa ta yi laushi ta kumbura har ta ƙi komawa gurbinta, ruwan da take ciki ne bai dace da ita ba.

Yawancin baƙaƙen zobban roba da ake sayarwa cikin akwati, da irin robar da ake kira NBR aka yi su. Tana jure fetur, man gas da baƙin mai, amma iyakarta wajen digiri 100 zuwa 120 a ma'aunin Celsius. Ka haɗa zafin Afrilu a Zariya da motar da ke lodi zuwa Kano, ga lagireto mai datti, sai man ya kai wannan iyaka. Nan Viton, wato FKM, ke da amfani, don tana kai digiri 200. Kada launi ya ruɗe ka, ba kowace roba mai launin ruwan ƙasa ce Viton ba. Ɗauki biyu masu girma ɗaya a tafin hannu, Viton ta fi NBR nauyi da kusan rabi. Ka kuma shafa farce inda leɓen sil ke zama a jikin ƙarfe. In ya ci rami, ko wace roba ka sa sai ta yi yoyo.

Birki kuwa robar da ake kira EPDM yake so. Man birki DOT 3 da DOT 4 yana lalata Viton da NBR duka. Ita EPDM tana jure man birki, ruwan zafi da tururi har wajen digiri 150, amma ba ta shiri da fetur ko kaɗan. Kuma a nan matsalar take a gareji da yawa: yaro ya wanke famfon da fetur, ko ya shafa giris na yau da kullum, robar ta sha ta kumbura. A wanke da man birki mai tsabta kawai, da shi kuma za a jiƙa robar kafin sawa.

Silikon na jure zafi sosai, sai dai tana yagewa da sauri, kada ka sa ta inda ƙarfe ke juyawa. Na'urar sanyaya mota mai gas R134a kuma robar HNBR ake sa mata, galibi koriya.

In kana shakkar wani zobe, auna kaurinsa, ka jiƙa shi kwana uku a cikin man da zai yi aiki da shi, ka sake aunawa. In ya ƙaru a fili ko ya yi laushi, kada ka ɗaura shi.