Amsa ga ɗan yayana da ke Agege a kan neman digirin labarin ƙasa da tarihin tattalin arziki

Ɗana, saƙonka ya iso ni da dare bayan na dawo daga aiki, kuma shi ne na huɗu irinsa da na samu daga gida a cikin wata ɗaya, shi ya sa na ga ya fi kyau in amsa maka a fili domin sauran su ma su karanta. Ka ce sakamakon WAEC ɗinka ya yi kyau, kana son digirin da ya haɗa labarin ƙasa da tarihin tattalin arziki a Landan, wani ejan a Ikeja ya yi maka alkawarin gama komai idan ka biya shi, sannan ka roƙe ni in turo maka takardar bayanin kai ta neman gurbin jami'a da na rubuta a zamanina domin ka ɗan gyara ta ka miƙa. Na ji daɗin zaɓin da ka yi ƙwarai, amma takardar ba zan turo maka ba, kuma ejan ɗin nan kada ka ba shi ko sisi.

Bari in fara da ejan, domin a nan ne aka cuce ni, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. A shekarar da na fara nema, mahaifinka ne ya sayar da huhun goro da dama ya haɗa mini kuɗin da muka kai wa wani mai ofis irin wannan. Mutumin ya rubuta mini takarda mai daɗin Turanci wadda ba ta da ni a cikinta ko kaɗan, cike da cewa tun ina yaro nake ƙaunar taswira, kuma jami'o'i biyar ɗin da na nema duk suka ƙi ni. Daga baya na haɗu da wani yaro da ya bi ta ofishin nan, muka gwada takardunmu, muka tarar sakin layi biyu iri ɗaya ne harafi da harafi. UCAS, wato hukumar da ake bi ta hannunta a nemi jami'o'in Birtaniya, tana da manhajar da ke gano takardun da suka yi kama da juna, tana kuma sanar da jami'o'in. Wannan shi ne dalilin da ya sa tawa ma ba za ta amfane ka ba. Fom ɗin kuwa da hannunka za ka cike shi a intanet, ba ya bukatar ɗan tsakiya.

Abu na biyu da ejan ba zai gaya maka ba shi ne, manyan jami'o'in Ingila ba sa ɗaukar ɗalibi kai tsaye da WAEC kaɗai. Makarantar da ka ambata, LSE, wato makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, tana da wannan digiri na shekara 3, amma abin da take dubawa shi ne sakamakon A-Level, wato jarrabawar gaba da sakandare irin ta Birtaniya, ko makamancinsa, kuma da maki na sama. Ke nan akwai shekara ɗaya ko biyu a gabanka kafin ka kai ga bakin ƙofar, ko dai ka yi A-Level ɗin a Legas, ko ka yi shekarar share fage wadda ita ma kuɗi ce mai yawa, kuma ba kowace jami'a ke karɓar kowace irinta ba. Kada ka yi wasa da lissafi, domin tarihin tattalin arziki ba haddar sunayen sarakuna ba ne. Akwai ƙididdiga, akwai jadawalin farashi da albashi na shekaru aru-aru, kuma ɓangaren labarin ƙasa ma ana aiki da alƙaluma da taswirar kwamfuta.

Yanzu ga takardar bayanin kai, wadda ita ce na fi son ka mayar da hankali a kanta. UCAS tana ba ka damar zaɓar kwas biyar, amma takarda ɗaya ce tak za ta je wa dukkansu, kuma ba za ta wuce harafi 4,000 ba har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ga masu shiga daga 2026 an raba ta zuwa tambayoyi uku: me ya sa kake son kwas ɗin, yaya karatunka ya shirya ka, kuma me ka yi a wajen aji da ya shirya ka. Wahalar digirin haɗaka ita ce, mai karanta takardarka yana son ya ga ka damu da fannonin biyu daidai wa daida, ga shi kuma jami'o'in da ke haɗa waɗannan biyun ba su da yawa, don haka sauran zaɓinka dole su kasance na kusa da su, kamar labarin ƙasa zalla, ko tarihin tattalin arziki da zamantakewa irin wanda ake koyarwa a Gilasgo, inda digirin yake ɗaukar shekara 4. Mafi yawan yara sukan rubuta rabi a kan wannan, rabi a kan wancan, kamar an ɗinke zani biyu da ba su dace ba. Wanda ake ɗauka shi ne wanda ya kawo tambaya ɗaya da ba ta amsuwa sai da fannonin biyu.

Kai kuwa a cikin irin wannan tambayar aka haife ka, kuma abin da ke damuna shi ne ba ka gani ba, kamar yadda ni ma ban gani ba sai da na sha ƙasa. Ka taɓa tambayar kanka me ya kawo kakanmu Agege? A da fatake daga Kano har Gwanja, da ke ƙasar Gana a yau, suke zuwa da jakuna su sayo goro, tafiyar watanni. Da layin dogo ya tashi daga Iddo a Legas, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, sai hanyar ta juya, aka yawaita shuka goro a ƙasar Yarbawa, Hausawa suka kafa zango a gefen tashoshi irin Agege suna saye suna lodawa zuwa arewa. Layin nan ne kuma Turawa suka sa ran zai kwaso musu auduga, amma manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, daga 1912 ta fara kwarara zuwa bakin teku, attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda shi ma da fataucin goro ya fara, suka shiga cinikinta. Ka ga nan ƙasa da ruwan sama da nisa sun haɗu da farashi da jari da shawarar manomi a wuri ɗaya. A. G. Hopkins ya fitar da littafinsa na tarihin tattalin arzikin Afirka ta Yamma a 1973, Paul Lovejoy kuma ya rubuta nasa a kan fataucin goron Hausawa a 1980. Ka neme su ka karanta da gaske, ka kuma faɗi inda abin da suka rubuta ya dace ko ya saɓa da abin da tsofaffin rumfarmu ke faɗa.

A karo na biyu da na nema, a kan irin wannan tambayar na rubuta. Na yi mako uku ina sammako zuwa kasuwar Mile 12 da littafi a aljihu, ina tsayawa inda tireloli ke sauke kwandunan tumatir da asuba, ’yan dako na ɗauka a ka ruwan tumatir ɗin na zubo musu a wuya, ina tambayar direbobi daga ina suka taso, kwana nawa suka yi a hanya, shinge nawa suka tsaya, da kwando nawa suka ruɓe kafin su iso. Na rubuta yadda farashi ke faɗuwa idan kayan noman rani na arewa suka shigo, yake kuma tashi da damina. Jami'o'i uku suka ba ni gurbi da wannan takardar, na gama da sakamako mai kyau, kuma aikin tsara sufuri da nake ci da shi yau daga can ya samo asali. Ba wanda ya rubuta mini kalma ɗaya a cikinta, kuma ina alfahari da hakan.

Saura maganar kuɗi, wadda nake so ka karanta wa mahaifinka da babbar murya. Kuɗin makaranta ga ɗalibin waje a irin wannan kwas a Landan ya haura fam 25,000 a shekara. Kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin shekarar farko, da kuɗin zama wanda a farkon 2025 aka kai shi fam 1,483 a wata har na wata 9, wato fam 13,347, kuma ana ƙara shi lokaci zuwa lokaci. Dole kuɗin su kwana 28 a jere a cikin asusu ba tare da sun ragu ba. Akwai kuɗin lafiya fam 776 na kowace shekara da ake biya gaba ɗaya tun farko, ga gwajin tarin fuka, ga kuɗin bizar kanta. Kafin Yuni 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati, amma zuwa Fabrairu 2024 ya wuce naira 2,000 a kasuwar canji. Na zauna da yaran da iyayensu suka yi lissafi da tsohon farashi, na ga wanda ya kai shekara ta biyu aka rufe masa shafin karatu saboda bashi, ya koma gida ba digiri ba kuɗi. Kada kowa ya ce maka za ka biya da aiki, domin awa 20 kawai aka yarda ka yi a mako lokacin karatu, kuma abin da za ka samu da ƙyar zai riƙe maka haya da abinci. Tallafin karatu a matakin digirin farko kaɗan ne, masu nema kuma daga duk duniya suke. Ni ɗaki ɗaya da falo nake haya da iyalina, kuma ba ni da ƙarfin ɗaukar nauyin karatunka. Gara ka ji daga bakina yanzu da a riƙa yi mini kallon mai rowa daga baya.

Idan lissafin bai fita ba, ka yi JAMB ka karanta labarin ƙasa ko tarihi a Jami'ar Legas ko Ibadan, inda masanin labarin ƙasa Akin Mabogunje ya koyar har duniya ta san shi, ka fito da sakamako mai ƙarfi, sannan ka nemi digiri na biyu na shekara ɗaya, inda ƙofofin tallafi irin su Commonwealth da Chevening suke. Idan kuma ya fita, ka sani ana rufe neman yawancin kwasa-kwasan a watan Janairu, kuma malaminka sai ya rubuta maka shaida kafin fom ya tafi, don haka ka same shi da wuri. Ko wanne ne ya kasance, ranar Asabar ka je rumfar mahaifinka, ka zauna kusa da tsohon nan da ke yayyafa wa goro ruwa yana jera shi a cikin ganye, ka tambaye shi daga wane gari kayan suke zuwa yanzu, kuma yaushe aka daina loda su a jirgin ƙasa aka koma mota. Ka rubuta abin da ya gaya maka a shafi biyu ka turo mini kafin ƙarshen wata, ni kuma zan zauna in gyara maka da jan biro. Ka gaishe mini da Yaya da Hajiya.